Bel Ɗin da Na Manta Ban Wanke Ba

Ko zan tsufa har in riƙa ruɗa sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wata Alhamis ta daf da Babbar Sallah a Gadarif. A ranar na yi wankin motar da ya fi kowanne kyau a rayuwata, kuma har yau ina cewa da ma zazzaɓi ya kwantar da ni ban fita ba. Da soso da shamfu mai ƙamshin lemo na wanke wa wani dattijo ɗan abin da ya rage masa na ɗansa, ina yi ina 'yar waƙata.

Ni mai wankin mota ne, ba na ɓoyewa. A Khartum na koya, wurin wani ubangidana, Allah Ya jiƙansa, mutum mai faɗan tsiya amma hannunsa akwai albarka. Shi ya koya mini ba a wanke mota a cikin rana, don kumfa zai bushe ya bar tabo. Ana farawa daga rufi a gangaro, tayoyi su ne ƙarshe. Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da ka cire ya dawo ya karce fenti. Garin sabulun wanki kuwa, in ya gan shi a hannunka, ranar ba za ka sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Yakan ce wannan na riga ne, yana cinye ƙyallin fenti a hankali har mota ta koma kamar tsohon kwano. Duk na kwashe waɗannan darussa, sai abu ɗaya da ya yi ta fama da ni a kansa har ya bar duniya ban gyara ba. Sai in gama cikin mota tas, in manta ban jawo bel ɗin direba daga ramin da yake naɗewa na goge shi ba. Ya ja mini kunne a kan bel ɗin nan ya fi a ƙirga.

Da yaƙi ya tashi muka baro Khartum, ni da matata da yara uku. Ba zan tsaya ba da labarin hanya ba, duk wanda ya bi ta ya sani. Muka sauka Gadarif wurin dangin matata, na yi wata biyu ina zaune ina kallon hannuwana. Daga baya na samu inuwar wata darbejiya a bayan kasuwa, kusa da wata mata mai sayar da shayi da gahawar da muke kira jabana, na ajiye ganga ɗaya da bokiti biyu. Ruwa mai jaki ke kawo mini, don haka na koyi wanke mota da rabin abin da na saba. Aiki kuwa ba ya yankewa, musamman in ruwan sama ya sauka. Motocin da ke dawowa daga gonakin Fashaga da Basunda suna zuwa da baƙin taɓon nan da ke manne wa ƙarfe kamar an dama shi da ƙaro.

Ranar da na shiga kasuwa neman shamfu, mai shagon ya jera mini iri uku. Akwai marar ƙamshi, fari kamar ruwa. Akwai mai kakin da ke sa fenti sheƙi. Na uku rawaya ne, ina buɗe murfinsa ƙamshin lemo ya buge ni. Irin wanda ubangidana ke amfani da shi ne. Nan take na ga rumfarmu ta Khartum, na ji ƙarar injin feshin ruwa, na ji iskar da ke tasowa daga kogi bayan La'asar, har muryarsa na ji yana kiran sunana da faɗa. Mai shagon yana ta yi mini bayanin wanda ya fi kumfa da wanda ya fi auki, ni ban ma ji shi ba. Na ɗauki rawayan. In an tambaye ni sai in ce shi ya fi fitar da maiƙo, amma gaskiyar magana gida nake shaƙa a cikinsa. Na ɗauki ƙaramar kwalba ta marar ƙamshin ma, don kawai kada a ce ba ni da shi.

Bayan yaƙi ya isa yankin Jazira, mutanen can sun fara kwararowa Gadarif ne dattijon ya fara zuwa. Dogo ne siriri, da farar jallabiya da rawani, ba ya ɗaga murya. Motar 'yar ƙaramar bas ce fara, irin da muke kira amjad, kuma ba shi ke tuƙa ta ba. Wani maƙwabcinsu ke kawo shi kowace Alhamis, ya ajiye su ya shiga kasuwa. Dattijon zai fito daga gefen mai zaman banza, ya kulle ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya jefa makulli a aljihu.

Ranar farko ya ce mini, "Ɗana, waje kawai. In kana da sabulu marar ƙamshi, da shi za ka yi. Kada ka buɗe ƙofa."

Na ce, "Tamam, Baba."

Na wanke wajen, amma idona na ciki. Ta gilashi ina hango sitiyari ya yi baƙi a wuri biyu, inda hannun direba ke zama. Ga wani tawul da ya daɗe da sauya launi a rataye a kan kujera, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa, ga ɗan kofin jabana da guntun gari ya bushe a gindinsa, ga ƙura kwance a gaban mota. Wanda bai yi sana'ata ba ba zai gane yadda wannan ke ci wa mutum rai ba. Kamar a ba ka yaro ka yi masa wanka a ce kada ka taɓa bayan kunnensa. Na ɗauka ƙarfi ne babu, don duk muna cikin hali ɗaya, har na ce masa cikin ma zan yi masa don Allah. Ya yi murmushi ya sa mini albarka, ya ce a'a.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda da na buɗe baki na tambayi mai shayi da na sani tun makon farko, shi ne motar ta ɗansa ce. Da ita yake haya a Madani, babban birnin Jazira, da ita ya kwaso iyayensa da ƙannensa ya kawo su Gadarif. Ya kwana biyu, ya ce zai koma ya fito da matarsa da ke gidan iyayenta a wani ƙauye. Ya bar motar don kada a ƙwace ta a hanya, ya hau ta haya ya tafi. Tun ranar ba a sake jin muryarsa ba, ba a ce yana raye ba, ba a ce ya rasu ba. Dattijon na kawo motar a wanke wajenta ne don in ɗan ya dawo ya same ta fes. Cikin kuwa sun bar shi yadda ya fita ya bar shi, da tawul ɗinsa da zufarsa da ƙamshin turarensa. Mahaifiyarsa takan shiga kowace safiya bayan ta idar da sallah, ta rufe ƙofa ta ɗan zauna. Duk wannan yana nan kusa da ni, a bakin matar da nake shan shayinta sau uku a rana. Amma ni gani nake duk abin da ya shafi mota na fi mai ita saninsa.

Muka yi wata biyar a haka. Muka saba, har yakan zauna a kan bencin mai shayi yana ba ni labarin gonar audugarsa da magudanan ruwan Jazira, ni kuma ina ba shi na rumfarmu. Bai taɓa ambata ɗan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kullum in na zo goge gilashin direba sai in kalli sitiyarin nan in ce a raina, wata rana.

Ranar ta zo ana saura kwana uku Sallah. Kasuwa ta cika, raguna ko'ina, motoci sun yi layi a wurina. Maƙwabcin ya ajiye amjad ɗin a inda ta tare wa wata babbar mota hanya, ya yi gaba abinsa. Ana cikin haka wani ya zo ya raɗa wa dattijon magana a kunne. Na ga ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. Ashe an ce masa wasu mutane sun iso tasha daga wajen ƙauyen surukan ɗansa. Direban babbar motar na ta danna ham, dattijon ya rasa yadda zai yi, sai ya ciro makullin ya miƙo mini, ya ce in matsar da ita kawai, yanzu zai dawo.

Na matsar da ita cikin inuwa. Da na zauna a kujerar direba na ji warin da ke ciki, na tsohuwar zufa da turaren sandal da taba da jabana, duk sun haɗu sun kwanta. Yanzu na san sunan abin da na shaƙa. A lokacin datti kawai na kira shi. Na ce a raina wannan bawan Allah ya yi mini kirki, bari in yi masa goron Sallah. Mai shayi ta tafi ɗebo gawayi, babu wanda zai tsayar da ni.

Na buɗe ƙofofi duka. Na fitar da shimfiɗun ƙasa na kakkaɓe, na share ɓawon gyaɗar. Na haɗa kumfar shamfu rawaya a bokiti, na bi kujeru da buroshi ɗaya bayan ɗaya, na bi rufin ciki da ɗanyen tsumma. Tawul ɗin na jiƙa shi na cuɗe har sau uku kafin ruwan ya fita fari, na shanya a reshen darbejiya. Kofin na wanke shi har yana ƙara. Sitiyarin ne ya ba ni wahala, don baƙin ya shiga jikin robar, sai da na sa tsohon buroshin haƙori na bi shi a hankali. Da na gama babu wanda zai ce hannu ya taɓa zama a wurin. Na ja da baya ina kallo, ƙamshin lemo na tashi, na ji kamar ubangidana na tsaye a bayana yana gyaɗa kai. Rabona da jin daɗi irin na wannan lokaci tun kafin mu bar gida.

Mai shayi ce ta fara dawowa. Ta ga ƙofofi a buɗe, ta ga tawul a kan reshe, sai ta sauke buhun gawayin a hankali ta ɗora hannu a ka. Dattijon na tafe a bayanta.

Daga tafiyarsa na gane bai samo labari a tasha ba. Ya iso, ya tsaya. Ni kuwa ina washe baki, na ce, "Baba, barka da Sallah tun yanzu."

Ya wuce ni. Ya zagaya gefen direba, inda ban taɓa ganin ya zauna ba, ya shiga ya zauna. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyarin, ya matsar da su sama, ya dawo da su ƙasa, yana neman wurin. Ya sunkuyar da kai ya shaƙi kujerar. Ya daɗe a haka. Da ya fito ya je ya taɓa tawul ɗin da ke ɗiga, ya sake shi.

Ya ce, "Ka iya aiki, ɗana. Wallahi ka iya." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Uwarsa ce ban san abin da zan ce mata ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Maƙwabcin ya dawo suka tafi, da jiƙaƙƙen tawul a kan cinyar dattijon. Sai a lokacin mai shayi ta zaunar da ni ta ba ni labarin duka, tana yi tana share ido da gefen mayafinta. Ta ce ta ɗauka na sani, ai duk layin nan an sani. Ta ce, "Kai ma fa ɗan'uwana ka baro gida. Ba ka da abin da ka ƙi wankewa?"

Ina da shi. Akwai hular ubangidana da matarsa ta ba ni bayan rasuwarsa, tana cikin leda a ƙasan akwati, ko matata ba na bari ta taɓa. Na kasa ci gaba da aiki, na ba masu motocin da ke jira haƙuri na tafi gida. Matata ta ga na dawo da rana tsaka, ta yi ta tambaya har na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai in je in nemi gafara, ko ba zai gyara komai ba. Na ce da wane ido. Ta ce da wanda na yi aikin da shi.

Washegari da safe na fita aiki don kada in zauna ina cin raina. Motar farko ta wani ɗan kasuwar riɗi ce. Na gama cikinta, ina shirin rufe ƙofa, sai mai ita ya jawo bel ya nuna mini yadda ya yi dauɗa, ya ce ai ban taɓa nan ba. Na tsaya da tsumma a hannu ina kallonsa kamar ya yi mini magana da wani yare. Na shiga lissafa abin da na yi jiya ɗaya bayan ɗaya, kujeru, rufi, tawul, kofi, sitiyari. Bel babu a ciki. Na ajiye tsumman na ce masa ya yi mini afuwa, na roƙi mai shayi ta kwatanta mini gidan.

Gidan na can ƙarshen gari, ɗakunan ciyawa biyu a cikin danga, motar na ajiye a gindin wata bishiya an lulluɓe gilashinta da tabarma. Na yi sallama dattijon ya fito. Da ganinsa bai yi barcin kirki ba. Ya ce mini tun jiya ya ce wa matarsa makullin na wurin maƙwabci, don ya rasa ta inda zai fara. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya kama kafaɗata ya ce in tashi, ai alheri na yi niyya. Na ce ya ba ni makullin, akwai abin da nake so in duba, kuma kada ya sa rai tukuna.

Na buɗe ƙofar direba, lemon nan ya buge ni, karo na farko da na ji na tsani ƙamshinsa. Na kama bakin bel ɗin na jawo a hankali. Farkonsa da ke waje ya ɗan sha kumfa. Amma da ya ci gaba da fitowa daga raminsa sai ga shi yadda yake, ya yi duhu ya yi santsi a daidai inda yake bi ta kafaɗa da gefen wuya. Direban haya ne, yini yake da bel a jikinsa saboda 'yan sandan hanya, shekara da shekaru. Ban kai shi hancina ba, don ba nawa ba ne. Na miƙa wa dattijon.

Ya riƙe da hannu biyu ya sunkuya. Ya ɗago ya juya wajen ɗaki ya kira, "Hajiya, zo. Zo ki ji."

Tsohuwar ta fito tana gyara mayafi, 'yar ƙarama da ita. Ta tsaya a bakin motar, ta shaƙi lemon, ta dubi sitiyarin, ta dube ni, na san ta gane komai ba sai an faɗa mata ba. Mijin ya sa mata bel ɗin a hannu. Ta kai shi fuskarta ta rufe ido.

Ta ce, "Yana nan."

Na juya baya ina kallon danga, don ban iya tsayar da hawayena ba. Daga baya na gaya musu abin da na sani na sana'a, don shi kaɗai nake da shi da zan bayar. Na ce kada su riƙa barinsa a waje, iska da rana za su ɗauke shi. Su jawo kaɗan, su mayar ya naɗe, su riƙa ajiye motar a inuwa da gilasai a rufe. Tsohuwar ta saki bel ɗin da kanta, a hankali, tana bin sa da ido har ya shige. Ta ce ranar Juma'a kawai za ta riƙa jawowa, don ya daɗe. Sannan ta ce a kawo mini shayi, ai baƙo ne ni.

Sun ci gaba da zuwa kowace Alhamis, ina wanke waje da marar ƙamshi, ko hannun ƙofa ba na riƙewa da ƙarfi. Da hanya ta buɗe suka koma Jazira, dattijon ya ce in ɗan zai dawo, can zai fara nema. Ranar da za su tafi na wanke motar na ƙarshe, na ga tsohuwar zaune a baya da tawul ɗin nan a ninke a kan cinyarta, fari tas, aikin hannuna. Ban sake jin labarinsu ba. Har yau in na hango farar amjad ta shigo layinmu sai na leƙa in ga wa ke tuƙi, ko saurayi ne da dattijo a gefensa.

Shamfu rawayan na daina sa wa motar kowa. Kwalba ɗaya na ajiye a gida kusa da hular, in kewar Khartum ta taso mini sai in buɗe murfin in shaƙa in rufe. Ubangidana ya koya mini yadda ake fitar da datti, kuma ya koya mini da kyau. Waɗannan tsofaffi biyu su suka koya mini cewa ba duk abin da idona ya kira datti ne nake da iznin cirewa ba, kuma in mutum ya ce kada ka buɗe ƙofa, yana da dalilinsa ko bai faɗa ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini mota, kafin in tsoma soso a bokiti nakan tambaye shi abin da zan wanke, sannan in tambaye shi abin da zan bari.